Matata na ɗauke da ƙwayar HIV: zan iya sumbatarta?

Tambaya

Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Wata biyu da suka wuce maiɗakina ta je awon ciki, aka auna jininta aka ce tana ɗauke da HIV, ƙwayar cutar sida, wato ƙanjamau. Aka kira ni aka gwada ni, aka ce ni ba ni da ita. Shekararmu uku da aure, muna da yaro ɗan shekara biyu wanda aka haifa a gida. Kafin ni ta taɓa aure, mijin ya rasu. An ɗora ta a kan magani kuma tana sha. Damuwata ita ce tun daga ranar na kasa sumbatarta, domin dasashina na fitar da jini idan na yi asuwaki, leɓena kuma na tsagewa da hunturu. In na ga ta sumbaci yaron a baki sai gabana ya faɗi. Innata da na gaya wa ta ware mata kofi da kwano da cokali. Wani abokina kuma ya ce ai har gwajin cutar ana yi da miyau, ke nan tana cikin miyau. Don Allah a gaya mini gaskiya, ana ɗaukarta ta sumba?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya ba maiɗakinka lafiya, ya raba su lafiya da abin da ke cikinta. Na ji daɗi da ka fito ka yi tambaya, domin maza da yawa da suka samu kansu a wannan hali shiru suke yi, su riƙa janye jiki sannu a hankali, matar ta rasa laifin da ta yi.

Ba a ɗaukar ƙwayar HIV ta miyau. Sumba a goshi ce, a kumatu, a leɓe, ko irin wadda ke tsakanin miji da mata a ɗakinsu, duk ba hanyarta ba ce. Ka sumbaci matarka, ka bar ta ta sumbaci ɗanta, a kuma mayar da kwanonta cikin na gida tun yau. Togaciya guda ce tak, ta shafi jini, zan kuma zo kanta tunda ita ce ta taɓo maganar dasashinka.

Kafin ƙwayar nan ta tsallaka daga wani jiki zuwa wani, sai ta kasance da yawa a cikin ruwan da ya ɗauko ta, sannan ruwan ya samu ƙofa. Ruwan jikin da ke ɗauke da ita da yawan da zai iya harbin mutum su ne jini, maniyyi, maziyyi, ruwan gaban mace, ruwan dubura, da nono. Ƙofar kuma ita ce fatar nan mai laushi ta cikin al'aura ko dubura, ko buɗaɗɗen rauni, ko a zuba ta kai-tsaye cikin jijiya ta allura ko ƙarin jini. Miyau da hawaye da gumi ba sa cikin wannan jeri.

Dalilin da ya sa miyau ya fita daban abu ne da ya kamata ka fahimta, saboda wanda ya san dalili ba ya razana da maganar majalisa. Da farko, ƙwayar da ake samu a miyau kaɗan ce ƙwarai, sau da yawa ma ɓurɓushinta ne wanda ba ya iya kama kowa. Na biyu, HIV tana yawan tafiya ne a ɓoye cikin fararen ƙwayoyin jini, su kuwa waɗannan ba sa rayuwa sai a ruwa mai gishiri daidai da na jini. Gishirin miyau bai kai haka ba. Da zarar sun faɗa cikinsa sai su tsotsi ruwa su kumbura su fashe, abin da suka ɗauko ya lalace tare da su. Na uku, Allah ya sanya wa miyau wasu sinadaran kariya: akwai mai yauƙi da ke dunƙule ƙwayar ya hana ta motsi, akwai wanda ke tare ta kada ta shiga cikin ƙwayoyin garkuwar jiki. Fatar cikin baki ma ta fi ta al'aura kauri, abin da aka haɗiye kuma ya tarar da tsamin ciki yana jiransa.

Mai lura zai ce, to ai nono ma ta baki yake shiga, me ya sa jariri ke ɗauka? Tambaya ce mai kyau. Jariri yana shan nono mai yawa, dare da rana, wata da watanni. Nonon yana rinjayar ɗan miyan da ke bakinsa, gishirinsa kuma ya dace da rayuwar waɗancan ƙwayoyin jini, ga hanjin jariri bai yi ƙwari ba. Wannan ba ya kama da sumba ta kowace fuska.

Abin da aka gani a aikace ma ya tabbatar da abin da aka gani a ɗakin gwaji. Tun 1981 aka fara ba da rahoton cutar a Amurka, a 1983 kuma masu bincike na Cibiyar Pasteur da ke Faransa suka gano ƙwayar da ke jawo ta. A waɗannan shekarun tsoro ya yi yawa, har ana gudun musabaha da masu ita. Sai likitoci a birnin New York suka bi mutum 101 da ke zaune gida ɗaya da marasa lafiya 39, suna ci a kwano ɗaya, suna shiga bayi ɗaya, suna rungumar juna da sumbatar juna. Sakamakon da aka buga a 1986 ya nuna mutum ɗaya ne aka samu da ƙwayar, shi ma ƙaramin yaro ne da dukkan alamu suka nuna daga mahaifiyarsa ya samo ta wajen haihuwa. Ka tuna a lokacin babu maganin da ke danne cutar, marasa lafiyan suna cike da ita. A 1991 wani babban likitan garkuwar jiki na ƙasar Italiya, Fernando Aiuti, ya sumbaci wata mata mai ɗauke da ƙwayar a baki, a gaban taron likitoci da 'yan jarida, don kawai mutane su daina gudun marasa lafiya.

Yanzu maganar jini. A 1997 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wata mata da ake zaton ta ɗauki ƙwayar daga abokin zamanta ta sumba mai zurfi. Shi mutumin dasashinsa ya lalace, yana zubar da jini idan ya goge baki. Ita ma dasashinta a kumbure yake, tana da ciwo. Abin ya faru ne kafin magungunan da muke da su yanzu su bazu, kuma ko masu binciken ba su iya kore sauran hanyoyi gaba ɗaya ba. Abin da suka ɗora wa alhaki shi ne jinin mai cutar da ya haɗu da rauni a bakin marar cutar. Fiye da shekara 40 ana bin diddigin wannan cuta a duniya, miliyoyin ma'aurata suna sumbatar juna, wannan labari guda shi ne ake ta maimaitawa, saboda irinsa ba ya faruwa sai nadiran.

Ka duba naka halin. Jinin da ke fita daga dasashinka naka ne, kai kuma ba ka da ƙwayar. Kafin a yi maganar haɗari sai bakinta ita ya kasance yana zubar da jinin da ido ke gani, naka yana da buɗaɗɗen rauni a lokaci guda, ƙwayar kuma tana da yawa a jininta. Maiɗakinka tana shan magani, wanda kullum ke rage ƙwayar. Shawarata mai sauƙi ce: ranar da aka cire mata haƙori, ko ta ji rauni a baki, ko wani miki ya fito mata yana jini, a dakata da sumba mai zurfi har ya warke. Tsagewar leɓe ta hunturu kuwa, man kaɗanya ya isar. Shi kuma dasashin da ke jini ciwo ne mai zaman kansa, yawanci dattin da ya ƙafe a gindin haƙori ke jawo shi, in aka bar shi haƙora ke girgiɗi tun mutum bai tsufa ba. Ka je wurin likitan haƙori a wanke maka. Ita ma a duba nata, domin ciki yana sa dasashin mata kumbura.

Abokinka ya ji rabin magana ne. Gaskiya akwai gwajin da ake shafa wani ɗan tsinke a dasashi, irin su OraQuick, a jira minti 20 a ga sakamako. Amma abin da yake nema alamar da garkuwar jiki ke ƙerawa ce bayan ta yi karo da ƙwayar, ita kuma wannan alama ba ta harbin kowa. Shi ya sa ma in ya nuna akwai, sai an sake tabbatarwa da gwajin jini.

Kofi, kwano, cokali, buta, bayi, gilashin shayin da ke zagaya majalisa, cizon sauro, duk babu komai a cikinsu. Inna ba da mugunta ta yi ba, tsoro ne irin na uwa, kuma abin da aka gaya wa tsararta ke nan a rediyo da bakin mutane lokacin da cutar ke kisa ba magani. Sai dai ware kwanon nan ba ƙaramar illa yake yi ba, ina so ka ji wannan da kyau. Macen da aka ware wa kofi a gidan mijinta, kowace safiya ana tuna mata cewa ita abin ƙyama ce. Maƙwabciya ta shigo ta gani, ta fahimta, magana ta fita unguwa. A aikinmu mun sha ganin inda abin ke ƙarewa: mace ta fara ɓoye kwalbar magani a ƙasan akwati, ta tsallake ranar asibiti don kada a gan ta a layi, in ta je gidan biki ko suna ta kwana biyu ba ta sha ba. Da an yi wasa da magani ƙwayar ke farfaɗowa, wani lokaci har ta daina jin maganin. Ware ta ba ya kare kowa a gidan, yana ma iya jefa kai da jaririn cikin haɗarin da ake gudu. Ka zauna da Inna cikin ladabi ka yi mata bayani, kuma hanya mafi sauri ita ce ta gan ka da idonta kana shan ruwa a kofin. Sirrin kuma na maiɗakinka ne. Ya tsaya a inda ya tsaya, kada a ƙara gaya wa kowa sai da yardarta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Hankalin gida duka ya koma kan miyau, alhali akwai ƙofofi na gaskiya da ba ka ambaci an rufe su ba.

Ta farko ita ce yaronku. An haife shi a gida, ya sha nono, ba ka ce an gwada shi ba. A kai shi cikin makon nan. Tunda ya wuce wata 18, gwajin ɗigon jini a yatsa irin na manya ya wadatar, a ranar za ku ji sakamako. Mafi yawan yaran da aka haifa a irin wannan hali ba sa ɗauka, ko da uwar ba ta sha magani ba, amma ƙoshin lafiyar da kake gani a fuskarsa ba shaida ba ce. In ba shi da ita, hankali ya kwanta har abada ta wannan fuska. In yana da ita, akwai maganin yara, kuma yaron da aka fara wa da wuri yana girma ya yi makaranta kamar kowa. Abu guda da ya shafi baki da zan hana a nan shi ne tauna wa yaro abinci. Iyayenmu mata suna yi da nama ko gyaɗa don tausayi. A Amurka an tabbatar da yara uku da suka ɗauki ƙwayar ta wannan hanya, aka buga rahoton a 2009, kuma nan ma jinin dasashin mai taunawa ne ya gauraya da abincin ya shiga bakin yaro mai fitar da haƙori. A daka masa ko a murƙushe da cokali.

Ta biyu ita ce cikin da take ɗauke da shi. Idan ba a yi komai ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ke ɗaukar ƙwayar a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Da magani adadin yana sauka ƙasa da 5, in kuma ƙwayar ta danne sosai ya fi haka sauka. Don haka wannan karon a haihu a asibiti. Za a ba jaririn maganin ruwa na makonnin farko, a ɗauki jininsa a sati shida, a sake daga baya har bayan yaye. Ta ba shi nono zalla wata shida, ba ruwa, ba zuma, ba kunu, ba rubutu. Na san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, na kuma san kakanni za su ce yaro na jin ƙishi. Nono ya ƙunshi ruwan da yake buƙata, haɗa shi da wani abu a watannin farko kuwa yana raunata hanjin jariri ya buɗe wa ƙwayar hanya.

Ta uku ita ce shimfiɗarku. Kada ka yi mamakin shekara uku ba ka ɗauka ba, ana samun haka sosai. Ƙiyasin da hukumar lafiya ta Amurka ta yi ya nuna namiji kan ɗauka daga mace a kusan saduwa 4 cikin 10,000, kaciya kuma tana rage haɗarin namiji da kusan kashi 60 cikin 100, kamar yadda binciken da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda ya nuna. Amma gwajin gaggawa yakan ɗauki har kwana 90 kafin ya gano sabon kamu, saboda haka ka koma a sake gwada ka idan an cika wata uku daga saduwa ta ƙarshe da kuka yi ba kariya. Kafin nan ku yi amfani da kwaroron roba, ka kuma tambaya a asibiti ko suna da maganin riga-kafi da ake ba miji ko matar da ba ta da ƙwayar. In kwaroron ya fashe, akwai maganin gaggawa na kwana 28, amma dole a fara shi cikin awa 72.

Ba har abada za ku zauna a haka ba. Maganin da ake ba yawancin manya yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, haɗin magunguna uku, kuma yawanci cikin wata shida yake danne cutar har na'ura ta kasa ƙirga ta a jini. Wani babban bincike da aka fitar a 2011 ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100. Wani da aka yi a Turai, aka buga a 2016, ya bi ma'aurata 888 da suka sadu kusan sau 58,000 ba kwaroron roba, ɗayansu na da ƙwayar amma ta sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan wannan. In saduwa kanta ta zama ba haɗari, ina ga sumba? Garkuwarka mafi ƙarfi ita ce ƙwayar maganin da take haɗiyewa kullum, don haka ka zama kai ne mai tuna mata lokacin sha.

Asuwaki, buroshi, reza da abin yankan farce, kowa ya riƙe nasa, wanzami kuma ya ɓare sabuwar reza a gabanka, ko aski ne, ko ƙaho, ko kaciya. A nan ciwon hanta nau'in B ya fi ba ni tsoro. Ya yi yawa a arewacin ƙasar nan, ya fi HIV saurin kamu ninki 50 zuwa 100, yana kuma rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai. Ku nemi a gwada ku dukanku, wanda ba shi da shi ya karɓi allurar riga-kafi.

Sumba tana da nata cututtukan: mura, ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, tunjere idan mikinsa na cikin baki, da ƙwayar sanƙarau da muka sani a lokacin zafi. Duk mai ƙurji a leɓe, kai ne, ko Inna, ko 'yan barka, kada ya sumbaci sabon jariri. Kuma har garkuwar maiɗakinka ta farfaɗo, ita ce ke buƙatar kariya daga cututtukanku. In wani a gidan ya yi sati biyu yana tari, a gwada shi tarin fuka.

Ba ka tambaye ni inda ta samo ba, amma na san zuciya tana kai-kawo. Ƙwayar nan tana iya shekara takwas zuwa goma a jikin mutum bai san da ita ba. Ta yi aure kafin kai, akwai ƙarin jini, akwai allurar masu magani a kasuwa. Sakamakon gwaji ba hujjar zargi ba ne, kada ka bari zato ya shiga tsakaninku a lokacin da ta fi buƙatarka.

Maganar kuɗi kada ta tsayar da ku. Tun watan Mayun 2007 maganin danne cutar kyauta ne a Kamaru, daga 1 ga Janairun 2020 kuma aka cire kuɗin gwaji, da na ganin likita, da na awon yawan ƙwayar a jini, da gwajin jarirai a asibitocin gwamnati. Ranar da za ta koma karɓar magani ka rufe shago ka raka ta, ku tafi da yaron. Ka tambayi ma'aikatan ranar da za a auna yawan ƙwayar a jininta, ka rubuta, in sakamakon ya fito ka nemi a karanta maka adadin. In Inna za ta yarda, ku tafi tare, ta ji bayanin daga bakin ungozomar asibiti.